Mabuɗin Gidan Gurza

Ku gyara zama. Kai Ilu, kife wayar nan a kan tabarma, ba guduwa za ta yi ba. Yau ba abin dariya na kawo muku ba, ko da yake na san halinku, sai kun laluɓo inda za ku yi ta. Labarin wani tsoho ne da 'ya'yansa uku, kuma in na kai ƙarshe akwai tambaya. Wanda bai saurara ba kada ya sa mana baki a gardama.

Garin sunansa Tudun Angurya, can ƙasar noman auduga. Sunan ma daga gidan gurza ya samo shi, wato kamfanin da ake raba auduga da 'ya'yanta, don a lokacin da abin ke tashe angurya tsibi-tsibi take a gindin katanga har ta fi ɗaki tsawo. Gidan gurzan nan da shi garin ke numfashi. Da kaka za ka ga jakuna da motoci sun yi layi tun daga bakin ƙofa har kasuwa. A tsakiyar gidan akwai hasumiya ta ƙarfe, a kanta aka ɗaure jiniya irin ta hannu, wadda ake murzawa. Da ita ake shiga aiki, da ita ake tashi, da ita mata ke sanin lokacin ɗora tukunya. Kuma ma'aikatan suna da wata al'ada tasu. In ɗayansu ya rasu sai a kashe injuna, a murza jiniya dogon busa don gari ya sani. In an sallace shi sai a shigo da makara ta babbar ƙofa, a ratsa da shi ta ɗakin injuna inda ya ƙarar da ƙarfinsa, a fita ta ƙofar baya zuwa maƙabarta. Daga mai shara har babban makaniki, ba a taɓa hana kowa wannan ba.

Shugaban leburorin gidan shi ne Helma Nomau, dogon mutum mai kaurin murya, wanda bai iya wasa da aiki ba. Da noman auduga ya ja baya masu kamfani suka tattara nasu ya nasu, sai manajan ƙarshe ya ja babbar ƙofa, ya datse ta da wani ƙaton kwaɗo, ya damƙa wa Nomau mabuɗin ya ce, “Helma, ga amana, sai mun dawo.” Ba su dawo ba. Nomau ya zura mabuɗin a igiyar fata ya rataya a wuya. Ƙurar auduga dama ta daɗe tana cin idonsa, ba a jima ba ya makance gaba ɗaya. Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai an ja shi zuwa ƙofar nan. Ya lalubi kwaɗon, ya ɗiga masa man keke, ya jijjiga shi ya ji yana nan daram, sannan ya ce, “Alhamdu lillahi, amana tana nan.”

To ga inda mutanen Tudun Angurya suka yi abin da sai su. Babu wanda ya taɓa kwaɗon nan. Kwaɗon Helma? Haba, wa zai iya! Sai suka bi ta baya. Wata 'yar kafa ce aka fara hudawa a katangar baya, kafa ta zama taga, taga ta zama hanyar da amalanke ke shiga ya fito da kaya. Aka kwashe kwanon rufi, aka ciccire tagogi, aka warware injuna ƙarfe-ƙarfe. Da aka gama kwasa sai aka shiga zubawa: shara, mushe, ruwan wanke-wanke, har wurin ya zama inda marasa masai ke zagayawa. Kuma kowa ya kwantar da ransa a kan cewa muddin kwaɗo na nan ba a ci amanar Helma ba. Har fenti suke yi wa ƙofar in salla ta zo, wallahi, kore shar, don tsohon da ba ya gani. In ya zo Juma'a yana shafa kwaɗo sai a yi tsit, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni da nake ba ku labarin nan ma kunya nake ji, alhali ko angurya ɗaya ban ɗauka ba.

Abin takaicin, 'ya'yan Helma su ne kan gaba. Babban, Shekarau, dillalin filaye ne, mai shadda da sitati da daɗin baki. Shi ya nemo wani attajiri daga birni da ke son ya baje wurin ya yanka shaguna. Da Hakimi ya tara dattawa ya tambaya ko ginin zai gyaru, Shekarau ne ya rantse cewa bangon duk ya tsattsage, tushe ya ruɓe, gara a rushe kafin ya faɗa wa yara. Alhali ginin dutse ne, ko gezau bai yi ba. La'ada ce ta rufe masa ido.

Na biyu, Jatau, mai walda ne. Uban ne ya fara koya masa riƙon guduma a cikin gidan gurzan. Duk ƙarfen da ya fita daga wurin da wutar Jatau aka yanke shi, don shi kaɗai ke da kayan yankan. Jiniyar kuwa shi ya hau ya kwance ta da hannunsa. Ya kasa sayar da ita, ya kasa kallonta, sai ya kife ta a bayan ɗaki, kajinsa suka mai da ita wurin ƙwai.

Autar, Hajiya Lanti, tana da rumfar abinci a jikin katangar baya, rumfa babba mai 'yan aiki. 'Yar kafar nan ta farko ita ta sa aka huda, don ruwan kwatarta ya sami inda zai bi. Kuma ita ce mai jan uban duk Juma'a. In ya tambaya, “Lanti, yaya kika ga rufin?” sai ta ce, “Yana nan ƙalau, Baba.” Shekara da shekaru tana faɗin haka, tana riƙe da sandarsa.

Ana nan, wata Juma'a bayan ya gama da kwaɗo, Helma ya ce a kira masa su ukun. Suka durƙusa a zaure. Ya ce, “Jikina ya fara yi mini magana. In ta Allah ta kasance, ba na neman komai sai abin da muka yi wa kowa. A busa mini jiniya, a buɗe ƙofa da mabuɗin nan, a ratsa da ni ta ɗakin injuna. Kun ji?” Suka ce sun ji. Suka fito babu wanda ya iya duban ɗan'uwansa. Ku ma ku duba mana. Wace jiniya, wadda kaza ke kwance a ciki? A ratsa da shi ta ina, ta kan juji? Kuma kafin ma a kai nan, an riga an yi magana katafila za ta shigo da ɗaukewar ruwa.

A kwanakin ne wata ma'aikaciya ta zo daga ofishin masu kula da kayan tarihi na jiha. Aikinta ta zaga tsofaffin masana'antu, wanda ya cancanta a hana rushe shi, a gyara, a mai da shi wurin sana'a da wurin da yara za su zo su ga yadda iyayensu suka ci abinci. Daga titi ta hango koriyar ƙofa da hasumiya, ta yi murna. Da aka zagaya da ita ta baya, ko taku goma ba ta yi ba ta fito da mayafi a hanci. Ba ta zagi kowa ba, da ma ta zaga da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, “Zan dawo bayan girbi. In na tarar da gidan gurza, gidan gurza zan rubuta. In na tarar da juji, juji zan rubuta.” Ta shiga mota ta tafi.

Shekarau ne ya fara motsawa, don abin da ya ƙulla shi ya fi kusa. Ranar da wakilin attajirin ya zo fada a tsayar da ranar rusau, fada ta cika maƙil, dillalai 'yan'uwansa duk suna nan. Shekarau ya tuɓe takalmi, ya shiga ya gurfana, ya ce, “Ranka ya daɗe, rantsuwar da na yi a nan kan ginin can, ƙarya na yi. Bango lafiyarsa lau. Kwaɗayi ne ya sa ni.” Hakimi ya dube shi ya ce, “Shekarau, ka san abin da kake faɗa kuwa?” Ya ce, “Na sani, ranka ya daɗe.” Nan take Hakimi ya aika magina suka dubo, suka dawo suka ce dutse ne, jikokinmu ma zai gani. Aka warware ciniki, wakili ya fita yana kumfar baki. Ku kuwa kun san dillali ba shi da shago, ba shi da haja, bakinsa ne jarinsa. Daga ranar ko akuya ba a sake ba shi ya sayar ba. In ya doso rumfar dillalai sai hira ta mutu. Yara suka laƙaba masa Shekarau Ƙarya-na-yi, suna faɗa a bayansa, wani lokaci ma a gabansa. Mutumin da ke fita da sassafe yana ƙamshin turare ya koma zaman zaure, in zai je masallaci sai ya bi ta lungu. Amma ba don shi ba, da ma'aikaciyar nan ta dawo fili za ta tarar, an share an kafa turaku.

Jatau kuwa ya jira ranar kasuwa. Ya kori kajinsa, ya ciccibi jiniya ya ɗora a amalanke, bai lulluɓe ta da ko buhu ba, da kashin kajin da komai. Akwai hanyar bayan gari da za ta kai shi ba tare da kowa ya gani ba, ya ƙi ta, ya bi ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka. Babu wanda bai san jiniyar nan ba. Kasuwa ta yi shiru rumfa bayan rumfa. Wata tsohuwa mai daddawa, wadda aka busa wa mijinta ita, ta miƙe ta ce, “Ashe kai ne, Jatau? Ɗan Helma?” Gumi da hawaye suka haɗe masa, ya ci gaba da turi. Kai Barmo, dariyar kajin kake yi? Ka tura naka abin kunyar ta tsakiyar kasuwa tukuna, sannan ka zo mu yi dariyar tare.

Bai tsaya nan ba. Shi ya yanka wa kowa, saboda haka ya san inda kowane ƙarfe ya kwana. Sai ya shiga bin gidaje. Bai kira sunan kowa a fada ba, bai ce wa kowa ɓarawo ba. Sallama kawai zai yi, in maigida ya fito ya ce, “Na mayar da nawa,” ya tsaya cak a ƙofar gidan. Wasu suka rufe shi da zagi, wani ya sakar masa kare, wani ya ce, “Kai da ka yanka mana za ka zo kana mana wa'azi?” Ya ce gaskiya ne, washegari ya sake dawowa ya tsaya. A hankali kaya suka fara fitowa. Babban sikeli ya fito daga rumfar mai hatsi. Ƙofar ɗakin injuna ashe ita ce ƙyauren garken mai unguwa. Bencin mai shayi, ƙarfen da ake jan guga a rijiyar unguwa, har gadon wata amarya, duk na gidan gurza ne. Wani talaka ya ce in ya kwance kwanon ɗakinsa ina iyalinsa za su kwana, Jatau ya je ya kwance rufin shagonsa ya rufa masa, shi ya koma walda a rana. Ba duka aka samu ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da 'yan gwangwan suka kai birni aka narkar ya tafi ke nan. Amma daga gutsattsarin injuna da yawa ya haɗa guda ɗaya mai tashi, ya mayar da rufin babban ɗaki, ya hau hasumiya ya ɗaure jiniya a mazauninta. Gwada ta ne kawai bai yi ba, don in uban ya ji zai tambaya wa ya shiga ba da mabuɗi ba. Ba don Jatau ba, bango huɗu za a nuna wa baƙuwa, babu abin da zai ce nan an taɓa gurzar auduga.

Sai dai duk wannan kayan da Jatau ke tarawa, a waje suka fara yin tsibi, don babu inda za a ajiye su a ciki. Ƙazantar shekaru ta kai gwiwa, kuma an nemi masu kwasa ko nawa ne sun ce a kai kasuwa. A nan Lanti ta shigo. Da farko ta toshe kwatarta, wanda hakan ya sa dole ta rufe rumfar abincin da take taƙama da ita. Sannan ta tuɓe leshi da gwala-gwalai, ta ɗaura tsohon zane, ta ɗauki shebur da daro ta shiga. Hajiya guda, mai 'ya'ya a ɗakin miji! Ta cika daro da abin da ba na so in ambata muna shirin cin abinci, ta aza a ka, ta bi ta cikin unguwa zuwa ramin bayan gari. Tana cikin wannan jigila ta yi kiciɓis da surukinta, mijin babbar 'yarta, tare da mahaifinsa, sun fito daga ɗaurin aure. Kun san yadda ake tsakanin mace da suruki, ko abinci ba ta ci a gabansa. Ga ta da daro a ka yana ɗiga mata a kafaɗa, hanya kuma ƙarama, babu wurin ratsewa. Yaron ya rasa inda zai sa idonsa, ya durƙusa ya gaishe ta a haka. Ta amsa, ta wuce. An ce da ta kai ramin ta daɗe a tsugune tana kuka, sannan ta tashi ta koma ta sake cikowa.

Matan unguwa suka yi kwanaki suna leƙe ta kan katanga suna gulma. Sai wata ta fito da tsintsiya, ta ce ita ma ta zuba, ba za ta bar Lanti ita kaɗai ba. Kafin wani lokaci mata sun cika wurin, maza kuma kunya ta koro su da baro da manjagara. Aka kwashe, aka ƙone, aka wanke daɓe har ya fito. Ashe a ƙasan hanyar ruwan nan tata bangon ya fara jiƙewa, da an ƙara damina biyu da ƙaryar Shekarau ta zama gaskiya. Kuma Lanti ta san gidan da ba kowa a ciki juji zai sake komawa. Sai ta bi tsofaffin mata masu kaɗi, ta lallashe su suka kawo mazarinsu. Ta jawo masaƙa biyu da suka rage a garin, da masu ɗinkin katifa da ke neman gurzajjiyar auduga, da teloli, ta raba musu ɗakunan ajiya. Ba don ita ba, da ba mai iya shiga, balle ya zauna.

Bayan girbi ma'aikaciyar ta dawo. Wannan karon mayafinta na kafaɗa. Ta tarar da inji na gurza, mata na kaɗi, masaƙa na jefa ƙoshiya, 'yan makaranta sun zagaye sikeli ana gwada musu yadda ake awon auduga. Ta zaga ko'ina, ta ce, “Wannan gidan gurza ne.” Aka sa shi cikin wuraren da ba a rushewa. Gari ya yi murna, amma irin murnar da ake yi ƙasa-ƙasa, don har yanzu ta ɓarakar baya ake shiga, kuma har yanzu babu wanda ya gaya wa Helma komai.

Juma'ar da ta biyo, jiki ya yi nauyi, sai da su ukun suka tallabe shi zuwa ƙofa. Ya ɗiga mai, ya jijjiga kwaɗo. Suna jira ya faɗi abin da ya saba, sai ya ce, “Yau ku bi da ni ta baya, ta inda kowa ke shiga.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da sun shige. Suka zagaya da shi. Ya shafa gefen ɓarakar, ya shiga ɗakin injuna, ya bi injin da tafin hannu yana tsayawa a duk inda aka yi ɗinkin walda. Sannan ya nemi wuri ya zauna.

Ya ce, “Ido na rasa, ban rasa kunne da hanci ba. Jatau, ranar da ka hau hasumiya ka kwance jiniya na ji bugun gudumarka daga zaure, ni na koya maka shi. Lanti, duk Juma'a kina ce mini rufi ƙalau, ni kuwa ina jin iska na kuka a ɗakin da ba rufi. Shekarau, rantsuwarka a fada kafin la'asar an kawo mini ita.” Lanti ta fashe da kuka ta ce, “Baba, me ya hana ka yi magana?” Ya ce, “Kunya. Ni aka ba amana, 'ya'yana suka cinye ta, da wane baki zan tsawata wa gari? Sai na riƙa zuwa ina shafa kwaɗo, ina cewa ko Allah zai sa wani ya gan ni ya ji nauyi. Na daɗe ina jira.” Sannan ya ce, “Ɓarakar nan kada ku toshe ta. Ku sa mata ƙyaure ku bar ta, in yara sun tambaya a gaya musu gaskiya. Mabuɗin nan kuwa, wanda ya fitar da ni kunya a cikinku shi zai buɗe mini ƙofa, shi zai riƙe gidan a bayana.” Shekarau ya buɗe baki zai tambaya wane ne, ya ga ba shi da fuskar tambaya. Sauran ma haka.

Bai sake fita ba. Wata safiya da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Jatau ya hau hasumiya ya murza jiniya, ta yi tari kamar ba za ta tashi ba, sannan ta saki murya. Tsofaffi a gonaki suka yar da fartanya, mata a madafa suka saki muciya, gari ya ɗauki kuka, rabi na Helma, rabi na abin da kowa ya san ya yi. Lanti ta share hanya tun daga bakin ƙofa har ɗakin injuna, ta yayyafa ruwa. Shekarau ya tsaya a kan wanka da sutura. Mai wanka ya zare igiyar fata daga wuyan mamaci, ya miƙa wa Liman. Aka yi salla, aka ɗauko makara, aka iso koriyar ƙofa aka tsaya. Liman ya shimfiɗa mabuɗi a tafin hannunsa, ya sa aka kira Lanti ta tsaya daga gefe, ya ce wasiyya wasiyya ce, wanda aka nufa ya zo ya ɗauka.

Shekarau ya ce ba shi ba. Shi da ya sa hannu a share wurin daga doron ƙasa, abin da ya yi bai wuce janye ƙaryarsa ba, a ba Jatau da ya mayar da gidan gida. Jatau ya ce Allah ya kiyaye, hannun da ya yanke jiniya ba zai riƙe mabuɗi ba, shi kayan sata ya mayar, a ba Lanti da ta ɗauki abin da namiji ya gudu ya bari. Lanti daga bayan mayafi ta ce ita ta fara huda bangon, ita ta dubi makaho ta yi masa ƙarya duk Juma'a, a ba Yaya Shekarau, don ita ta sake buɗe rumfarta, Jatau ma yana kan sana'arsa, shi kuwa har yau bai da ta yi, kuma ba don shi ba da babu bangon da za a share ko a rufa.

To, ga inda zan tsaya. Rana tana yi, makara na kafaɗun mutane, kun san ba a barin gawa tana jira. Ta baya hanya a buɗe take, amma tsohon nan ta ƙofa ya ce, kuma kwaɗon da ya sha mai shekara da shekaru murɗa ɗaya yake jira. Kada wani ya ce mini a ba babba don shi ne babba, Helma bai ce haka ba. Kada kuma wani ya ce Lanti mace ce, Liman ya riga ya ce babu abin da ya hana ta buɗe ƙofa ta koma gefe. Ɗaya ya zubar da sunansa a fada, ɗaya ya tura satarsa ta tsakiyar kasuwa, ɗaya ta ɗauki ƙazantar gari a ka a gaban surukinta, kuma dukansu da hannunsu a ɓarnar. Ilu, ɗago kai, da kai zan fara. A cikin su ukun, wa ya fitar da Helma Nomau kunya, wa zai miƙa hannu ya ɗauki mabuɗin nan?